Cin Abinci a Tsakiyar Paris: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Sani

Mai karatu, idan Allah ya kai ka birnin Paris, ko aiki ne ya kai ka ko karatu ko yawon buɗe ido da iyali, da wuya ka dawo ba ka taka unguwar Saint-Michel ba. Tana bakin Kogin Seine, daura da majami'ar Notre-Dame da aka sake buɗewa a watan Disambar 2024 bayan gobarar 2019. Da yamma, idan ka kutsa wani siririn layi mai suna Rue de la Huchette, za ka tarar da gidajen abinci a jere kamar rumfunan kasuwa. Ƙamshin bota da gasasshen nama ya cika ko'ina, ga ma'aikata a bakin ƙofa suna yafito mutane da harsuna iri-iri. A irin wannan wuri ne gajiya da yunwa kan tura mutum inda bai yi niyya ba, domin baƙo ko da ido makaho ne.

Faransawa ba sa wasa da abinci, har UNESCO ta sanya tsarin cin abincinsu cikin al'adun duniya a 2010. Sai dai inda 'yan yawon buɗe ido suka yi yawa, wasu masu gidajen abinci sun san wanda ya ci yau ba lallai ya dawo gobe ba, don haka ba su cika damuwa da inganci ba. Kafin ka shiga, tsaya ka duba takardar abincin da ke maƙale a waje, domin doka ta wajabta a nuna farashi tun daga ƙofa. Idan ka ga abinci kala hamsin da hotuna, ka yi hattara. Madafa ɗaya ba ta iya dafa wannan duka sabo. Nemi inda takardar take gajera, da alamar "fait maison", wato a nan aka girka shi. Sau da yawa tafiyar minti goma daga cunkoson ta isa ka samu inda 'yan gari ke ci.

Abu mafi nauyi ga Musulmi shi ne sanin abin da ke cikin tukunya. Kalmar "porc" kowa ya gane ta, amma alade yakan ɓuya a bayan wasu sunaye: jambon, lardons, saucisson. Wainar ƙwan nan da ake kira quiche lorraine da naman alade ake yin ta. Giya kuma a miya take shiga: boeuf bourguignon da coq au vin da jar giyar inabi ake dafa su, kuma akan zuba fara a miyar albasarsu da ta shahara. Naman sa da na kaza ma ba yankan Musulmi ba ne sai inda aka rubuta halal. Ka riƙe tambaya ɗaya: "Sans porc, sans alcool?" Matambayi ba ya ɓata, kuma 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke jin Faransanci sun huta a nan.

Kada wannan ya sa ka tsorata, akwai abin ci mai daɗi. Gwada sole meunière, kifi ne da aka soya da bota aka matsa lemon tsami. Akwai ratatouille, haɗin yalo da tumatir da tattasai da albasa. Yara kuma crêpe mai sukari ko cakulan za ta faranta musu rai. Idan ka samu gidan halal ka nemi nama, ka ce "bien cuit", in ba haka ba za a kawo maka shi da jini-jini a ciki.

Batun aljihu kuma, kuɗin hidima yana cikin farashin da ka gani, tukwici ganin dama ne. Burodi kyauta ne, haka ma ruwan famfo idan ka ce "une carafe d'eau". In ka ce ruwa kawai, ana iya kawo maka na kwalba mai tsada. Abincin rana, daga ƙarfe 12 zuwa 2, ya fi sauƙi, musamman "formule" da ke haɗa kwano biyu ko uku a farashi ɗaya. Na dare ba ya fara kankama sai wajen ƙarfe 7 da rabi. Kuma ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema, domin a wurinsu gaggauta mai cin abinci rashin ladabi ne.

Idan ka gaji da tambaye-tambaye, Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, ba shi da nisa da Saint-Michel, ana iya zuwa da ƙafa. Ka yi sallarka, sannan ka zauna a farfajiyar gidan abincin da ke jikinsa, ka ci kuskus ka kora da shayin na'ana'a hankali kwance. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.