Daga Matankari zuwa Jidda

Maniyyacin Matankari gabas ya nufa, amma yamma yake fara dosa. Ƙasar Arewa ba ta da filin manyan jirage, sai ya bi ta Dogon Dutsi da Dosso zuwa filin Diori Hamani na Yamai: kusan kilomita 300, tafiyar awa 4 ko 5 a mota. Daga Yamai zuwa Jidda kuwa kimanin kilomita 4000 ne, amma jirgi ba ya wuce awa 6. Kakanninsa da suka ratsa Cadi da Sudan a ƙafa, wasunsu shekaru suka share. Shi kuwa, dabararsa ya kwana Yamai tun jajibiri, domin jirgi ba ya jiran wanda motarsa ta mutu a Dosso.