KARSANAR DA KAWU YA BA NI

Kowace zuri'a kika duba da kyau, za ki tarar akwai mutum guda wanda shi ne igiyar da ta ɗaure kowa da kowa. Gidansa ake kai yara hutu, shi ake kai wa ƙara in ma'aurata sun saɓa, kuma ran da ya kwanta dama sai ki ga tsintsiya ta kwance, kowa ya kama gabansa. A tamu zuri'ar wannan mutumin shi ne Kawu, wan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa da rahama. Labarinsa nake so in ba ku yau, don na san da wuya a rasa wadda ba ta da irinsa a cikinku, ko yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya.

Mu a birnin Kano aka haife mu, amma shi Kawu bai taɓa yarda ya bar gonar kakanninmu ba, wadda take wani ɗan ƙauye gabas da Wudil. Gona ce babba ta gero da dawa da wake, ga garken shanu a gefenta, ga tsamiya biyu a bakin rijiya. Da zarar an ba da hutun makaranta sai a zuba mu a mota, mu tsallake gadar Wudil, a sauke mu a bakin titi. A nan za mu tarar da shi yana jira da amalanke, ya ɗora malfa a ka, sanda a kafaɗa. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka har ya bar duniya bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Yana hango ni zai washe baki ya ce, "Lale da uwata, yau garke ya yi albarka." Yayyena kuwa sai su cika su yi fam, wai ana nuna musu bambanci.

A wurinsa na koyi cewa shanu ma iri-iri ne kamar mutane. Yawancin nasa bunaji ne, farare masu baƙin kunne da baƙin hanci. Akwai bokoloji guda biyu da ya sayo daga ƙasar Sakkwato, masu gajeren ƙaho da sanyin hali, su ake ɗaura wa garma da amalanke. Jajayen rahaji masu dogon ƙaho kuwa sai dai mu gan su da rani, in Fulani sun biyo burtali za su kudu neman ruwa da ciyawa. A lokacin manomi ne da kansa yake roƙon makiyayi ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya bi shi da damin dawa na godiya.

Da asuba ake tatsa. Sai a kwance maraƙi daga dangwali ya fara tsotso har nono ya sauko, sannan a janye shi a ɗaure kusa da uwar, matar Kawu da muke kira Inna ta tsuguna da ƙwarya a tsakanin gwiwoyinta. Kawu yana tsaye yana kallo, in ya ga ta yi nisa sai ya ce, "Ya isa haka, a bar wa mai abu abinsa." Madarar nan in ta kwana a rufe da faifai ta zama kindirmo, in aka zuba a gora aka yi ta kaɗawa sai mai ya tattaru a sama, a kwashe a dunƙula, sauran ya zama tsala. Ke dai ba ki sha furar da aka kirɓa da citta da kanumfari aka dama da nonon da bai san ruwa ba! Har yau in na sayi nono a cikin gari na kurɓa, sai in ajiye ludayi in yi shiru.

Ina da shekara 8 ya kama hannuna ya kai ni gaban wata 'yar karsana ya ce, "Uwata, wannan taki ce, ita da duk abin da ta haifa." Ni a lokacin murnata ba ta wuce in ba ta kanwa ta lasa a tafin hannuna ba, in cire mata kaska a wuya.

Sai ga shekarar 1983, shekarar da cutar bushiya ta ratsa arewacin Nijeriya. Wadda ba ta gani da idonta ba ba za ta gane ba. Saniya za ta daina kiwo, jikinta ya yi zafi, idonta yana zubar da ruwa, bakinta ya yi gyambo tana dalalar da yawu, sai zawo mai wari ya biyo baya, kafin kwana 10 ta faɗi. Malaman dabbobi suna bin ruga-ruga suna allura, wadda aka yi wa a huda mata kunne don shaida, amma kafin su iso ƙauyenmu mai afkuwa ta afku. Garken da ya haura 40 ya dawo 9. Da muka zo hutu, wallahi shirun da ke wurin ne ya fara ba ni tsoro. Ungulu sun cika kan tsamiya, dangwali na kwance a ƙasa ba maraƙi ko ɗaya.

Na duba ban ga karsanata ba, na fashe da kuka. Kawu, mutumin da ya yi asarar gumin shekara 30, shi ne ya durƙusa yana share mini hawaye da bakin rigarsa. Ya nuna wata saniya daga cikin taran da suka rage, wadda ta fi kowacce lafiya, ya ce, "Wa ya ce miki taki ta mutu? Ga ta can." Na ce, "Kawu, ai ba ita ba ce, tawa tana da ɗigo a goshi." Ya ce, "Uwata, ɗa ba ya barin uwarsa hannu rabbana. Na ce ita ce, ita ce." Daga baya ne Inna ta gaya wa mahaifiyata cewa daren nan bai runtsa ba, yana zaune a turke har aka kira assalatu.

Shekara ta zagayo, 1984 ta zo da fari, gero ya ƙone a tsaye. Mutane da yawa sun karyar da shanunsu a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a don su sayi hatsi, shi ma ya sayar da guda 4. An ba shi shawara ya haɗa da tawa tunda ita ce za ta fi kuɗi, ya ce ba a sayar da amana. Ya riƙa sassaƙo ganyen gawo yana haɗa mata da dusa har damina ta faɗi.

To 'yar uwa, ki ji inda abin ya kai. Da aurena ya tashi a 1991, saniyar nan ta zama 6. Kawu ya kai bijimai 2 kasuwa, da kuɗinsu aka yi mini gado da katifa da kwanuka, ya kuma dage sai an sayo keken ɗinki. Gwaggonnina suna ta mita wai gara a ƙara samira a cika kabet, a fita kunyar dangin miji. Ya ce samira ba ta haihuwa. Bayan shekaru, da masaƙun Kano suka yi ta rufewa, maigidana yana cikin waɗanda aka sallama, ya yi wata da watanni ba aiki. Keken nan ne ya riƙe tukunyarmu, shi ya biya kuɗin makarantar yara, kuma ba wanda ya ji sirrinmu a unguwa.

Kawu ya rasu a 2004, da kaka, bayan gajeriyar jinya. Bai kai ga jin labarin da na san da ya faranta masa rai ba, wato a 2011 aka ba da sanarwar cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa baki ɗaya, ita ce cuta ta biyu da aka taɓa gamawa da ita bayan agana. Gonar kuwa an raba gado, wannan ya sayar, wancan ya sayar, burtalin da Fulani ke bi an nome shi. Mu da muka taso muna cin tuwo a akushi ɗaya, yanzu sai biki ko rasuwa ke haɗa mu, 'ya'yanmu ma ba su san juna ba in sun gamu a hanya. Tsamiya ɗaya ce kawai ta rage, ita ma don tana kan iyaka ne.

Shawarata gare ku guda biyu ce. Ta farko, in za ki yi wa 'yarki ko 'yar ƙanwarki kyauta, ki tuna da abin da yake haihuwa. In saniya ta fi ƙarfinki, akuya tana ɗaukar ciki wata 5 ne kawai, kuma sau da yawa tagwaye take zubawa. Atamfa tana kodewa, kwano yana tsatsa, amma 'yar akuyar da kika ba wa yarinya kiwo a ƙauye tana iya zama jarinta ranar da ba ki nan. Ta biyu, in kina da wani dattijo da ya rage a ƙauye, kawu ne ko baffa ko gwaggo, don Allah ki nemi izinin maigida ki kwashi yara ku je wannan hutun. Kada ki ce sai an samu sarari, zumunta a ƙafa take. Ki riƙe masa ɗan goro da sabulu da turare, ki bar yaran su yi ɗauɗa, su ga inda nono yake fitowa, su ji tarihin gidansu daga bakin wanda ya sani tun yana iya faɗa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da gidan Aljanna. Allah ya jiƙan naku magabatan, mu kuma ya ba mu ikon riƙe zumunci. Amin summa amin.