Kwanon Kuzar Iya



Ran Asabar da ta wuce wani ɗalibi maƙwabcinmu a nan Durumi ya kunna mana wani tsohon fim a kwamfutarsa. Fim ɗin ƙasar Norway ne, sunansa An-Magritt, an yi shi a 1969, Liv Ullmann ce jarumar. Labarin wata marainiya ce a shekarun 1600, a yankin da ake haƙar jan ƙarfe, tana dakon duwatsun ma'adini da sa guda ɗaya cikin ƙanƙara, aikin da maza ke yi. Ni rubutun Turanci nake bi a ƙasa. Mahaifiyata kuwa ko Turancin ba ta ji, amma ta zauna tana kallo har aka yi nisa. Can sai ta ce, "Wannan ai Iya ce." Ta tashi ta shige ɗaki.

Iya ita ce mahaifiyarta, kakata. Na tashi na san ta tsohuwa mai faɗa a Bukuru, yatsunta a lanƙwashe, ba ta iya dunƙule hannu. Ban taɓa tambaya ba. Sai daren nan na ji dalili.

Kakana daga ƙasar Katsina aka kwaso shi. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Aka ɗora wa dagatai su kawo matasa aikin tilas, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, aka yi ta yi har 1944. Ƙaramin jirgin ƙasan nan na Zariya zuwa Bukuru ya kawo shi, da 'yar rigarsa, ya faɗa cikin sanyin da bai taɓa ji ba. Da yawa sanyin da ciwo suka kashe su, wasu suka gudu. Shi ya tsira, aka sallame su, ya ƙi komawa gida, ya ci gaba da lebura a bariki. Nan ya auro Iya. Mahaifiyata tana 'yar shekara takwas rami ya rufta da shi.

Dangi suka zo ɗaukar Iya da 'ya'yanta huɗu, ta ce ba inda za ta. Da asuba ta ɗora tukunyar tuwo ta sayar wa leburori, da hantsi ta ɗauki kwano ta gangara inda kamfani ya zubar da yashin da ya gama wankewa. Kuza ta fi yashi nauyi, saboda haka a tsugune ake yi cikin ruwa, ana juya kwano a hankali, yashi na fita, baƙin tsaki na kwantawa a ƙasa. Wuni guda ba ya cika tafin hannu biyu. A tara na mako a kai wa mai sikeli, shi ma ya danne nasa. Mahaifiyata ta ce a watan sanyi hannun Iya tsagewa yake yi har jini, ta shafa man kaɗanya ta koma. Da wannan kwanon ta aurar da mata uku, ta sa kawuna a makaranta. Ko da farashin kuza ya karye a 1985, ita ta daɗe da kasa riƙe kwanon.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen Norway sun ɗauki mace irin wannan sun rubuta mata littafi, sun yi mata fim, ga shi har ya iso Durumi. Mu kuwa in aka zo tarihin kuza sai a lissafa kamfanoni da Turawa da tan nawa aka fitar. Ba na zagin 'yan Kannywood, ni ma ina kallo, amma soyayyar falo ta isa haka. Kuma maganar ba ta wuce ba. Har yau mata na tsugune a bakin tsofaffin ramukan Filato. A 2010 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta, cikin gidaje aka riƙa daka duwatsun zinariya, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Iyayensu mata suna nan da ransu, da labarin a bakinsu.

Na san a cikin ƙungiyarmu akwai 'yan Bukuru da Barikin Ladi da Naraguta masu tsofaffi a gida. Ni dai na fara. Jiya bayan Isha'i na ajiye waya a gaban mahaifiyata na ce, "Inna, ki faɗa mini daga farko." Ta ce, "Kai, me za ka yi da zancen wahala?" Sai da na yi ta lallashi, sannan ta yi kusan awa guda tana magana, ta tsaya sau biyu tana share ido da bakin mayafi. A ƙarshe ta ce kwanon yana nan a gidan ƙanwarta a Bukuru, ana zuba wa kaji ruwa a ciki. Na buga wa Goggo waya da safen nan, ta ce in zo in ɗauka, amma in taho mata da wani.