Hawan tuddan Tulo-Tulowa: a fara shiri daga gida

Wanda ya bi hanyar Nguru zuwa Gashuwa zai rantse babu abin hawa a arewacin Yobe, don ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, sai fadama da gonakin shinkafa da goruba. Amma idan aka nausa arewa zuwa ƙaramar hukumar Yusufari, kusa da iyakar Nijar, akwai tuddan rairayi na Tulo-Tulowa da dausayin Bulatura. Bulatura ɗaya ne daga cikin sassa uku na Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. Sauran biyun su ne Chingurmi-Duguma a Borno, da fadamar Bade-Nguru, inda mafakar tsuntsaye ta Dagona take.

Daga ƙasa, tudun ba ya ba da tsoro. Sai an fara hawa ake gane cewa rairayi ba dutse ba ne: duk taku, ƙafa na nutsewa tana zamewa baya, numfashi ya yi sama, zuciya ta kama bugu. A ƙoli kuwa, ga rairayi iyakar gani, ga koren dausayi a ƙasa. Wahalar ta biya, muddin an sauko lafiya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watannin ne kuma tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suke sauka a Dagona, sai iyali su haɗa ziyara biyu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ba lokacin kai yara ba ne. Ko da hunturu, a hau da sanyin safiya ko bayan la'asar. A nemi motar da ke iya ratsa rairayi da ja-gora ɗan gari, a tuntuɓi jami'an gandun da hukumomin yankin kan halin tsaro, a kuma gaya wa na gida lokacin da ake sa ran dawowa.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna shi ne ƙoda. Gashuwa da kewayenta sun daɗe suna kuka da yawan ciwon ƙoda, don haka maganar ba baƙuwa ba ce a nan. Mutum ya yi gumi, bai sha ruwa ba, ƙafafu sun yi tsami, sai ya haɗiyi Ibuprofen ko Diclofenac. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke isa ƙoda, a daidai lokacin da rashin ruwa ya riga ya rage shi. Idan ciwon jiki ya matsa, Paracetamol ya fi sauƙi ga ƙoda, bisa ƙa'idar da ke jikin kwalinsa.

A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zaton za a sha, a riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta zo. A saka ORS a jaka, a dama shi yadda aka rubuta a ledar. Idan babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Fitsari mai duhu alama ce ta cewa jiki na neman ruwa.

Mai hawan jini da ke shan maganin sa fitsari, irin su Furosemide, ya ga likitansa kafin tafiya, kada ya dakatar da magani da kansa. Mai ciwon suga da ke amfani da insulin ko Glibenclamide ya karya kumallo, ya riƙe dabino a aljihu, domin hawa na iya sa suga ta faɗi. Kada a bar insulin cikin mota a rana. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a hannu, don ƙurar hunturu na tayar da ciwon. Mai ciwon zuciya da mai tsohon ciki su zauna a inuwar dausayi.

Idan wani ya fara jiri ko amai, a saukar da shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a ba shi ORS kaɗan-kaɗan. Idan ya rikice ko ya suma, kada a ɗura masa komai, a ci gaba da sanyaya shi a kama hanyar asibiti.

A Dagona kuma, a hana yara wanka a ruwan fadama saboda tsargiya, a kwana cikin gidan sauro. Duk wanda zazzaɓi ya kama bayan dawowa, a yi masa gwaji kafin a ba shi maganin cizon sauro.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.