Ina 'Yan Taurinmu Suka Shiga?



Akwai wata gardama da samarinmu masu kallon fina-finan Amurka suke yawan yi a bakin shaguna. A kan wani dogon labari ne mai suna Star Wars, wanda George Lucas ya fitar da fim ɗinsa na farko a 1977. A cikinsa akwai ƙungiyar mayaƙa da ake kira Jedi, masu takobin haske da wani ƙarfi na ɓoye, waɗanda suka yi shekaru dubbai suna tsaron zaman lafiya. Sai shugaban ƙasar labarin ya juya musu baya, ya ce maciya amana ne, ya sa sojoji suka karkashe su. Shekara 19 kacal bayan haka, sai ga mutane suna ɗaukar zancensu kamar tatsuniya. To, gardamar ke nan: yaya za a yi a manta da irin waɗannan mutane kafin yaron da aka haifa ranar ya isa aure? Wasu samarin cewa suke marubucin ne ya yi kuskuren lissafi.

Mu kam ba mu ga kuskure ba, don mun ga irinsa da idonmu. A tsayar da ɗan shekara ashirin a nan Kafanchan a tambaye shi su wane ne 'yan tauri. In ya yi ƙoƙari zai ce wasu ne da yake gani a waya suna karya wuƙa. Alhali mu da muka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1970 mun san su da sunayensu. Ranar Sallah in aka taso daga idi, ka ji ganga ta canja murya, sai ka ga mutum ya yi tsalle ya faɗo fili, jiki duk layu da guraye, yana kirari yana zuga kansa, ya ɗauki wuƙar da mahauci ya gama wasawa ya dinga gurza ta a ciki da wuya. Mu yara muna leƙe ta tsakanin ƙafafun manya. Kuma ba wasa kaɗai ba ne aikinsu. Su ne gaba a farauta, su ake tasa in ɓarayi sun dami gari, kuma kakanninsu su ne ke shiga gaba ranar yaƙi. Har makaɗansu gare su; wanda ya taɓa jin Kassu Zurmi ya san abin da muke faɗi.

Ko a zamanin da suke tashe ba su da yawa. A labarin ma an ce Jedi ba su wuce kimanin dubu goma ba, a cikin duniyoyin da ba sa ƙirguwa, ka ga yawancin mutane ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Haka namu. 'Yan tsiraru ne a gari, sau biyu a shekara ake ganin bajintarsu, sauran kwanaki kuma wannan mahauci ne, wancan manomi. Abin da mutum ya gani sau biyu a shekara, in ya daina gani ba ya saurin lura.

Ga shi kuma iliminsu asiri ne, ba a rubuta shi. Uba ya zaɓi ɗa guda ya ba shi, shi ma sai ya ga hankalinsa. To, garinmu garin jirgin ƙasa ne. Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, ɗan da za a ba wa gadon ya tafi aikin reluwe, ko ya shiga fataucin citta, ko an sa shi boko. Tsoho ya mutu da abinsa a ciki. Dubi bambanci da malamai: littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu da waƙoƙin Nana Asma'u sun kai shekara ɗari biyu ko sun doshi haka, har gobe muna karanta su a zaure, saboda an zuba su a takarda. Bindiga kuma dama ta riga ta karɓe musu aikin yaƙi tun faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, da abin da bindiga mai ruwa ta yi wa mutanen Satiru a 1906.

Sai wa'azi ya zo. An kafa Izala a Jos a 1978, ga Jos nan kusa da mu, ga tafsirin Shehu Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna yana shiga kowane gida. Aka yi magana mai zafi a kan layu da tsafi da kiran iskoki. A nan ba mu da wani kwana-kwana: duk maganin da sai an yanka wa wanin Allah, ko an dogara da shi kamar shi ke karewa, ba shi da wuri a gidan Musulmi, kuma a kan haka muke karantarwa. Dattawa da yawa sun tuba sun ƙona kayansu, Allah Ya karɓa. Amma da suka ƙona layun sai suka kulle bakinsu gaba ɗaya. Mun san gidajen da jika yake sahun gaba a masallaci, bai san kakansa ne ke jan 'yan tauri a unguwar ba, don kunya ta hana a faɗa masa. Daga baya 'yan daba da 'yan bangar siyasa suka ɗauki wuƙar da kirarin, suka bar ladabin, sunan ya ƙarasa ɓaci.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi a wurinmu, wanda ba mu cika son taɓawa ba. In ka yi kirarin mayaƙi, dole a tambaye ka da wa ya yi yaƙin. Masarautar Jema'a a ƙarƙashin Zazzau take, kuma a cikin gaisuwar da ake kaiwa Zariya a wancan zamani har da bayi. Daga ina ake samo su? Daga garuruwan da ke kewaye da mu, kakannin mutanen da yau muke sayen citta da doya a hannunsu, muke zama benci ɗaya da su a asibiti. Bayan abin da ya faru a watan Maris na 1987, da na 1999, da na Afrilun 2011 da kasuwarmu ta ƙone, wane mai hankali ne zai fito tsakiyar Kafanchan da ganga yana kirarin yaƙi? Shirun ya yi amfani, ba mu musa ba. Sai dai maƙwabtanmu ba su yi shiru da nasu ba. Mutanen Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu suna bikin Afan, maharbansu su fito da shigarsu, yara suna gani suna tambaya ana ba su amsa. Su suna riƙe da labarinsu, har da ɓangaren da ya shafe mu. Yaronmu kuwa in aka faɗa masa abin da kakanni suka yi, ba shi da komai a hannu sai musu ko fushi, kuma mun san inda waɗannan biyun suke kai matashi a garin nan.

Abin da ya fi damunmu shi ne mantuwar ba ta tafi da komai duka ba. Ta tafi da ƙa'idojin, ta bar almarar. Tsofaffin 'yan tauri da muka sani mutane ne masu dokoki: ba sa zare wuƙa a kan wanda bai kai su ba, suna da babba da in ya ce a zauna an zauna, kuma da bakinsu suke cewa abin nasu na kaifin ƙarfe ne, ba sa tsayawa gaban sanda balle harsashi. Yau fa? Da an ji ƙishin-ƙishin ɗin rikici, sai ka ga wani baƙo ya sauka da jaka yana sayar wa yara maganin bindiga. Yaro ya ba da kuɗin da ya tara a acaɓa, ya ɗaura abu a ƙugu, ya ji kamar ya fi ƙarfin mutuwa. Mun je gaisuwa gidajen da irin wannan ya jawo, ba sau ɗaya ba. Da yaron ya taɓa zama gaban tsohon ɗan tauri na gaske, da dariya tsohon zai yi wa mai jakar.

Har yanzu akwai ragowarsu, a cikin gari da wajen Jagindi da Dangoma da Gidan Waya, yawancinsu sun haura saba'in. Roƙonmu ga ɗalibanmu na Islamiyya da masu manyan wayoyi: ku je ku gaishe su, ku riƙa musu ɗan goro, ku nemi izini ku ɗauki maganarsu. Ba haɗin magani za ku tambaya ba, wannan a bar shi inda yake. Ku tambayi wa ya koya musu, waɗanne dokoki aka gindaya musu, ina aka yi farauta, me kakanninsu suka ba su labari game da yaƙe-yaƙen Jema'a, mai daɗi da marar daɗi, da kuma ranar da suka ajiye abin da dalilin ajiyewar. Wanda ya samo wani abu ya same mu a masallaci bayan sallar La'asar, mu zauna mu rubuta shi tare.