Kwana Uku a Ƙafa: Daga Dutse Zuwa Tsibiran Damina

Ɗalibai, idan aka tambaye ku ko akwai tsibiri a Jihar Jigawa, na san da yawanku za ku ce babu, tunda ba mu da teku. Ni ma haka na ɗauka, sai da na bi Kawuna a ƙafa zuwa ƙauyen kakata da ke yankin Miga, a hutun watan Agusta.

Mun bar Dutse bayan sallar asuba, duwatsun garin sun yi baƙi saboda ruwan da aka kwana ana yi. Guzurinmu ƙuli-ƙuli ne da dabino da gorar ruwa. Kawu ya ƙulle tufafinmu cikin leda, ya miƙo mini doguwar sanda. Ranar farko muka kwana a Kiyawa, ta biyu a Jahun. Tafiyar bakin titi ce, wahalarta yayyafi da kumburin ƙafa kawai.

A rana ta uku muka bar kwalta, ƙasa ta sauya. Nan na gane ma'anar sunan da aka ba jiharmu ranar 27 ga Agusta, 1991. Jigawa tudun yashi ne, jam'insa jigayi. Iska ce ta tara su shekaru dubbai da suka wuce, a jere, da kwari a tsakaninsu. Da damina ruwa kan cika kwarin, sai kowane tudu ya zama tsibiri, da gidajensa da rumbunansa da gonakin gero a kai, shinkafa kuma a ƙasa.

Ruwan ba na sama ba ne kaɗai. Kogin Haɗeja yana kwaso shi tun daga Jihar Kano, inda madatsun Tiga da Challawa suke, ya bi ta Ringim da Haɗeja, ya haɗu da kogin Jama'are, su nufi Tafkin Chadi. A hanya ciyawar kachala takan toshe magudanai, sai ruwan ya fantsama. Abin da ya faru ke nan, har ma fiye, a ambaliyar 2022.

A kwarin farko ruwa ya tsaya mana a gwiwa. A na biyu na ga tsallaken kusa, na yi gaba ba tare da na dafa sanda ba. Taku huɗu kawai, ƙafata ta zurma cikin rami, ruwa ya kawo mini ƙirji, takalmina ɗaya ya tafi. Kawu ya fizgo ni ta wuyan riga.

"Ɗana, sanda ce idonka a cikin ruwa," in ji shi. "Inda ba ta taɓa ba, kada ƙafarka ta taɓa."

Ya ƙara mini da dokoki uku. Ruwan da ke gudu, in ya wuce gwiwa, a jira mai fito. Kada a daɗe cikin ruwan kwance, domin nan ake ɗaukar tsargiya. In an hau tudu a duba ciyawa, saboda macizai ma can suke gudun ruwa.

A kwari na uku muka jira kwale-kwale. Da ya cika, Kawu ya ƙi shiga, muka zauna fiye da awa ɗaya har ya dawo. Na ji haushi a lokacin, amma da na ga yadda bakinsa ke shafar ruwa, na yi shiru.

Wanda ya tuƙa mu yaro ne sa'ana, ɗan aji biyu a babbar sakandare. Ya ce wani lokaci ana komawa makaranta a Satumba ruwan bai janye ba, sai ya ɗora littattafansa a ka, cikin leda, ya haye. Na tuna ranakun da na ƙi zuwa aji a Dutse don an yi yayyafi, kunya ta kama ni.

Mun isa da magariba. Kakata ta dubi ƙafata ɗaya ba takalmi, ta yi dariya, ta ce, "Maigidana, ruwa ya karɓi kuɗin fitonsa ke nan?"

Duk wanda zai yi irin wannan tafiya a cikinku, ya nemi izinin iyaye, ya bi babban da ya san hanya, kuma kada ya manta da sanda.