Kyamarar da Baba ya bari

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ni aka sa in buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa don a lissafa abin da ya bari. Ina ɗaga manyan riguna da tsofaffin takardun cinikin goro, sai ga wata 'yar kyamara ruwan azurfa an cusa ta cikin hula. Canon PowerShot A520 ce, wadda ya sayo a Saudiyya a 2006, shekarar da ya sauke farali. Ranar rabon gado ba wanda ya ko dube ta. Aka yi mata ɗan kuɗi aka sa a rabona, Yaya yana dariya yana cewa, "Kai dai ka kwashi tarkace, wa ke amfani da wannan a zamanin waya?"

Ban ce masa komai ba, don akwai abin da ke cin raina. Wata biyu kafin rasuwar, an zare mini waya a cikin tasi tsakanin Iwo Road da Mokola. Hotuna sama da dubu uku suka tafi da ita, har da duk waɗanda na ɗauki Baba a shekarunsa na ƙarshe. Ban taɓa kwafe su a wani wuri ba, kullum sai in ce gobe. Da muka zauna makoki, baƙi daga Kano suna tambaya ko akwai hotonsa, wallahi sai na katin zaɓe muka iya nunawa.

Saboda haka da na buɗe murfin kyamarar na ga akwai kati a ciki, gabana ya faɗi. Na kai shi shagon wani yaro mai kwamfuta, ya soka a na'ura, sai ga hotuna 64. Ga Baba a bakin zaure, huhunan goro a gefensa, yana nuna mai ɗaukar hoton da yatsa. Ga Inna tana tankaɗe ba ta san an ɗauke ta ba. Ga tsohon gidan ƙasa na maƙwabtanmu, wanda yanzu bene ne mai shaguna. A hoto ɗaya dattawa biyar ne zaune kan tabarma bayan sallar Idi, kuma huɗu daga cikinsu yau suna ƙasa. Yaron shagon ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya fita ya ba ni wuri.

Tun daga ranar na ce sai na ta da ita. Ba wuya gare ta ba, batir biyu take ci, irin na ƙaramin rediyo. Sai dai na bakin titi ba ya jimawa, gara mutum ya sayi mai caji. Katin ma ba kowanne take karɓa ba: an yi ta a 2005, kafin manyan katunan yanzu su fito, don haka sai wanda bai wuce 2GB ba, kuma sai da na zaga Dugbe sosai kafin na samu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, waya ta fi ta fitar da hoto tas. Ita megapiksel 4 gare ta, alhali wayoyin da yaranmu ke riƙewa wasu 50 ne. Gilashin bayanta bai kai faɗin akwatin ashana ba. Idan magariba ta yi hoto sai ya fito da tsaki-tsaki, kuma in ka kunna fitilarta sai ka jira ta sake cika kafin ka ɗauki na biyu. Na koyi bin ta a hankali: in fita da hantsi ko bayan la'asar, in sa rana a bayana, in manne gwiwar hannu a jiki, in danna rabi sai ta daidaita sannan in ƙarasa. In za a wanke hoto mai inci 4 da 6, irin na albam, ƙarfinta ya isa har da saura.

Abin da ban zata ba shi ne yadda mutane ke karɓar ta. Kun san dattawanmu, ka ɗaga musu waya sai su kau da kai, "Kai yaro, kada ka sa ni a Facebook." Amma da na je wurin Kawu mai yankan farce da kyamarar, sai ya ce, "Tsaya, ɗana, bari in gyara hula." Ya kira abokan zamansa biyu, suka jera, suka nutsu. Hajiyar da ke sayar da waina a layinmu cewa ta yi sai ta sako mayafinta na fita. Suna ganin ta sun san hoton da za a wanke a kawo musu ne, ba wanda zai yi yawo a wayoyin da ba su sani ba. Ni ma na riƙe wannan amana: ba na ɗaukar kowa sai na nemi izini, cikin gida kuwa sai mai gida ya yarda, kuma duk wanda na ɗauka ina kai masa nasa. A bayan kowane hoto ina rubuta suna da sana'a da kwanan wata.

Ɗan Yaya ya nuna mini cewa matasa a Amurka da Turai yanzu neman irin waɗannan kyamarori suke yi, wai launinsu ya fi daɗi, har kuɗinsu ya tashi. Ya ce zai samo mini mai saye. Kawu yana jin mu ya ce, "Ai da ma da tsohuwar zuma ake magani." Na ce wa yaron su can ado suke yi da ita, ni aiki gare ni.

Sabo ta haura shekara ɗari, tun 1916 aka kafa ta. Littafin da aka fi sani a kan iyayenmu na goro da shanu, wani masani Abner Cohen ne ya zo ya zauna a nan ya rubuta shi, ya fito a 1969, kuma da Turanci. Mu da aka haifa a nan, wa zai nuna wa jikokinmu fuskar mai unguwarsu ko ladanin da ya kira salla shekara talatin? Gidajen ƙasa suna ta faɗuwa, dattawa suna ta tafiya.

Roƙona gare ku 'yan uwa, ku duba akwatunan iyayenku. In kun samu irin wannan kyamara, ku fara cire tsohon batir don yana zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki. Kada ku goge katin, ku kai a kwafe muku a wuri biyu, ku wanke ko da goma ne. Na wayoyinku ma haka, kada ku yi irin goben da na yi. Hoton Baba na bakin zaure yanzu yana ɗakin Inna, ta sa an yi masa gilashi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu ƙarshen.